Hoton ƙirjin maigidana ya yi fari gefe ɗaya, Inna ta ce ba za a huda shi ba

Wata baiwar Allah ce ta aiko da wannan daga Talata Mafara, ta nemi a sakaya sunanta:

"Assalamu alaikum. Maigidana shekarunsa 38, ɗiyanmu huɗu, ƙaramar ba ta cika shekara biyu ba. Ya daɗe yana aikin zinare wajen Anka, a injin niƙa dutse, kafin rashin tsaro ya dawo da shi gida. Tun bayan ƙaramar Sallah yake fama da busasshen tari da zazzaɓin yamma, da zufa cikin dare har zanin gado ya jiƙe. Da farko haƙarƙarinsa na dama yana sukarsa idan ya ja numfashi. Yanzu sukar ta ragu, amma ko masallaci ya taka sai ya tsaya yana haki, kuma ba ya iya kwanciya sai a kan gefen dama. Ya rame sosai. An yi masa hoton ƙirji, rabin gefen dama ya fito fari fat. Likita ya ce ruwa ne, mu je Gusau a zuƙo shi da allura a gwada. An gwada kakinsa an ce ba a ga ƙwayar tibi ba. Inna, mahaifiyarsa, ta rantse ba za a huda mata ɗa ba, wai haka aka yi wa ƙanenta bai ƙara sati ba. Ta kira wanzami ya yi masa ƙaho, ana ba shi jiƙe-jiƙe, wasu na cewa jifa ne. Shi kuma ya sayo magani a kyamis, zazzaɓin ya sauka, ya ce ai ya warke. Ni hoton nan ke hana ni barci. Mene ne wannan farin? Ciwon daji ne? Kuma yaya zan yi, ni da ba ni da ta cewa a gaban Inna?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Bari in fara da abin da kika fi buƙata: a kai shi Gusau a zuƙo ruwan nan, cikin makon nan idan da hali. Likitan da ya tura ku bai yi gaggawa ba. Hoton ya riga ya faɗi iyakar abin da zai iya faɗa, wato akwai ruwa, ga gefen da yake, ga yawansa. Ko ruwan mene ne, wannan sai an fito da shi an duba. Ko sau goma za ku sake hoto, amsar ba daga nan za ta fito ba.

Ruwan ba cikin huhu yake ba, kewaye da shi yake. Kowane huhu lulluɓe yake da wani siririn tantani, bangon ƙirji ma ta ciki shafe yake da irinsa. Tsakanin tantanin biyu akwai ɗan danshi da bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ko makamancin haka ba, don su riƙa santsi da juna idan ana numfashi. Ki ɗauka an sa balan-balan cikin tulu ana hura shi har ya cika tulun. Idan aka zuba ruwa a tulun, balan-balan ɗin bai jiƙe ta ciki ba, amma ya rasa wurin buɗewa. Halin da huhun maigida na dama yake ciki ke nan. Shi ya sa tari ba ya fitar da ruwan komai ƙarfinsa, kuma ba ruwan da ya sha ba ne ya ɓace hanya, kamar yadda za ki ji wasu na faɗa.

Wannan kuma shi ke bayyana abu biyu da kika lura da su. Sukar da yake ji da farko, tantanin ne suka kumbura suna gugar juna. Da ruwa ya shiga tsakani ya raba su, sai gugar ta tsaya, sukar ta lafa, haki ya maye gurbinta. Raguwar sukar ba sauƙi ba ne, ruwan ne ya ƙaru. Kwanciya kan gefen dama kuwa dabara ce da jikinsa ya gano da kansa, don ya bar huhun hagu a sama ya yi aikin biyu ba tare da nauyi a kansa ba.

Yanzu ɗauko hoton ki ɗaga shi saitin taga da rana. Za ki ga harafin R ko L a wata kusurwa. Riƙe shi yadda R zai zo ta hannun hagunki, domin ana karanta hoton ne a matsayin mutum na tsaye yana fuskantarki. Duk inda iska take baƙi yake fitowa. Ƙashi da zuciya da ruwa kuwa suna tare hasken na'urar, sai su fito fari. Ki fara da gefen da ke lafiya. Bi haƙarƙarin da ido har ƙasa, inda ya haɗu da wani fari mai tudu, wato faifan naman da ya raba ƙirji da ciki. Wurin haɗuwar kusurwa ce mai tsini, baƙa ƙirin har ƙarshenta. Nan likita ke fara kai ido, domin a tsaye ake ɗaukar hoton, ruwa kuwa gangare yake bi. A hoton gaba, kusurwar ba ta cikewa sai ruwan ya kai kusan mililita 200, ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya wata. A hoton da aka ɗauka ta gefe, ko mililita 50 kan nuna. To ki koma gefen dama, inda kika ce rabi ya yi fari. Babu kusurwar, babu tudun naman, duk sun nutse. Ruwan da ya hau haka a babban mutum yakan kai lita ɗaya ko fiye.

Dubi saman farin kuma. A ruwa zalla ba ya miƙewa, lanƙwasa yake yi, ya fi tsawo ta wajen hammata ya gangaro zuwa tsakiya. Wannan lanƙwasar ce ke sa likita ya ce ruwa ne tun kafin ya ajiye hoton. Idan saman ya miƙe sambal a kwance, to akwai iska tare da ruwan, wannan kuwa wata magana ce daban. Akwai kuma wani baƙin layi da ya sauko daga wuya ta tsakiyar ƙirji, shi ne maƙogwaron iska. Ruwa mai yawa yakan ture shi da zuciya zuwa ɗaya gefen. Idan kuwa an ga ya karkata zuwa gefen da ya yi farin, sai a yi zargin wani abu ya toshe hanyar iska huhun ya motse. Ban faɗa miki wannan don ki zama mai karanta hoto ba. Na faɗa ne don hoton ya daina zame miki dodo, ki kuma iya tambayar likita abin da ya gani.

Ga inda hoton ya gaza. Ruwa garau, mugunya, jini, duk inuwa ɗaya suke bayarwa. Wani lokaci ma farin ba ruwa ba ne gaba ɗaya, akwai nimoniya a ƙarƙashinsa, ko tantanin ne ya yi kauri. Shi ya sa a Gusau wataƙila su fara da sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, a ɗora a bayan haƙarƙari. Ya fi hoton ganin ruwa kaɗan, yana nuna ko ruwan sake yake ko ya fara rabuwa ɗaki-ɗaki, kuma yana nuna daidai inda allura za ta shiga.

Kin tambaya ko daji ne. Ba a yanke wa mara lafiya hukunci ta wasiƙa, amma zan gaya miki inda hankalina ya fi karkata. Ruwan da ciwon zuciya ko na ƙoda ke kawowa yakan zo gefe biyu, da kumburin ƙafafu, babu zazzaɓi. Na ciwon hanta yakan zo da ciki cike da ruwa. Na daji ya fi yawa ga waɗanda suka manyanta, masu shan taba, da matan da ke da ƙullutu a nono, kuma sau da yawa yakan fito da jini-jini. Mutum ɗan shekara 38, gefe ɗaya, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, a ƙasarmu, tibi ne a sahun gaba. Mai bi masa shi ne mugunya da ta biyo bayan nimoniya. Daji yana cikin lissafi, amma a baya yake.

Aikin da ya yi ya ƙara nauyin zargin. Tun abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, kowa ya san dalma. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ƙurar dutsen kanta. Tana ɗauke da sinadarin silika, wanda idan ya zauna a huhu ba ya fita, kuma yana raunana ƙwayoyin da ke kare huhu daga tibi. Mai aikin injin niƙa a bushe shi ya fi kowa shaƙarta. Lallai a gaya wa likita ya yi wannan aiki, da shekarun da ya ɗauka yana yi, ko da ba a tambaya ba.

Maigida zai iya cewa, to ai an gwada kaki ba a ga komai ba. Gaskiya ne, amma gwajin ya duba abin da ke cikin hanyoyin iska ne, cutar kuwa tana can a tantani. A irin wannan tibi, ƙwayoyin cutar kaɗan ne, yawan ruwan martanin jiki ne a kansu. Ko ruwan da aka zuƙo aka sa a GeneXpert, na'urar gano ƙwayar tibi, sau da yawa ba ta ganin ƙwayar alhali tana nan. Don haka likitoci ba da gwaji ɗaya suke dogara ba. Suna auna furotin da wani sinadari mai suna LDH a ruwan su kwatanta da na jini, bisa ma'aunin da wani likita Ba'amurke, Richard Light, ya fitar a 1972, don raba ruwan kumburi da ruwan da ya tsattsafo saboda zuciya ko ƙoda. Suna ƙirga irin fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki. Inda akwai kayan aiki akan yi gwajin ADA, wani sinadari da yakan yi yawa a ruwan idan tibi ne, wani lokaci a gutsiro ɗan tantanin a duba. Idan duk alamu sun haɗu, likita na iya fara maganin tibi ko da ba a kama ƙwayar da ido ba, kuma hakan ba caca ba ce.

Saukar zazzaɓin ne ya fi damuna a wasiƙarki. Wasu magungunan da ake samu a kyamis, irin su ciprofloxacin da levofloxacin, suna ɗan taɓa ƙwayar tibi, su kwantar da ita ba su kashe ta ba, su kuma rikita gwaji. Wasu kamar prednisolone da dexamethasone suna sauke zazzaɓi su buɗe cin abinci, cutar na ci ta ƙarƙashi. Ki tattara kwalaye da ledojin duk abin da ya sha, har na gargajiyar, ku tafi da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wani abin kuma, ruwan tibi yakan janye da kansa cikin 'yan watanni ko ba magani, mutum ya ce ya warke, a yaba wa wanzami. Wani bincike da aka wallafa a 1955 kan sojojin Amurka da suka yi irin wannan ruwa ba a ba su maganin tibi ba ya nuna kusan biyu cikin uku cutar ta dawo musu a fili cikin shekara biyar. Idan ta dawo, a cikin huhun kansa ko wani sashen jiki take dawowa, lokacin kuwa tana iya kama ɗiyanki.

Allurar da Inna ke tsoro, ga yadda take. Zai zauna a gefen gado ya kifa hannuwansa a kan tebur mai matashi, bayansa a buɗe. A yi alama, a goge wurin, a yi masa allurar kashe zafi. Allurar zuƙowa tana shiga ne ta saman ƙashin haƙarƙari, domin jijiyoyi ta ƙarƙashin kowane ƙashi suke bi. Ba a taɓa zuciya, huhun ma ruwan ya riga ya ture shi gefe. Sirinji ɗaya ya isa gwaji, kuma na tibi yakan fito ruwan ɗorawa-ɗorawa, garau. Idan ana son rage masa haki sai a ci gaba da zuƙa, amma ba a cika wuce lita ɗaya da rabi a zama ɗaya ba, don kada huhun da ya daɗe a matse ya buɗe farat ɗaya. Zai ɗan yi tari yayin da huhun ke buɗewa. Da yawa a daren nan suke fara barcin kirki. Haɗari akwai shi, iska na iya shiga wurin ko a samu zubar jini, amma ba kasafai ba, musamman idan an yi da sikanin, kuma ana da maganinsa nan take. Idan mugunya ce ta fito, sai an sa roba ta yi 'yan kwanaki, mugunyar na tsiyaya cikin kwalba.

Jinkiri ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba. Ruwan da ya daɗe, musamman mugunya, yana kauri ya rabu ɗaki-ɗaki, sannan ya yi ɓawo ya ɗaure huhun. A wannan mataki allura ba ta da amfani, sai tiyatar buɗe ƙirji a manyan asibitocin koyarwa irin na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da kuɗinta da wahalarta.

Sai maganar Inna. Kada ki ɗauke ta jahila. Ta ga an huda ƙanenta, ta ga an binne shi, yanzu ana ce mata ta miƙa ɗanta. Abin da yakan faru a irin wannan shi ne ana kai mutum ne bayan cuta ta gama cin sa, ko kuma ruwan nasa na daji ne aka zuƙe don ya samu numfashi, allurar ta zo a ƙarshe sai ta ɗauki laifin. Amma wannan bayanin ba daga bakin suruka za ta karɓe shi ba, kuma kin san haka. Kada ki ja da ita. Ki fara da maigida, ku biyu, bayan yara sun kwanta. Ki nuna masa kusurwar nan a gefen hagu, ki nuna masa babu ita a dama. Ki tambaye shi, idan ya warke me ya sa har yanzu ba ya kai masallaci ba tare da tsayawa ba. Sannan ki yi masa maganar ƙaramar yarinyar. Namijin da ba ya tsoro don kansa yakan ji tsoro don ɗiyarsa.

Idan ya amince, a nemo wanda Inna ke jin nauyinsa, babban wansa, ko kawunsa, ko limamin unguwa. Shi zai tuna mata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A roƙe ta ta bi ku Gusau, ta ji daga bakin likita, ta yi tambayoyinta, ta sa albarka. Addu'a da tofi a ci gaba da yi, babu mai hanawa. Ƙaho kuwa iyakarsa fata, ruwan yana can bayan nama da ƙashi, abin da ya fito jininsa ne kawai, shi da ya riga ya rame. Kada a yarda a yi masa sakiya ko wata tsaga mai zurfi a ƙirji. Jiƙe-jiƙen a roƙi Inna ta dakatar da su, domin maganin tibi da kansa yana wahalar da hanta, ba a haɗa mata da sassaƙen da ba a san ƙarfinsa ba.

A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Ku bi takardar da likita ya rubuta muku, ku riƙe hoton farko kada a naɗe shi, don da shi za a kwatanta na gaba. Ku kama hanya da rana. Gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma hoto da sikanin da zuƙar ruwa da gado yawanci sai an biya, don haka a yi tanadi. Za su nemi ya yi gwajin ƙanjamau. Kowane mai tibi ake yi wa, ba zargi ba ne, kuma ke ma ki yi.

Idan tibi ne, magani wata shida ne, wata biyu na farko haɗin magani huɗu, sauran huɗun haɗin biyu, kuma za a iya mayar da ku karɓa kusa da gida. Fitsarinsa zai koma ja, wannan aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, kada ya tsorata. Idan idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, a koma asibiti ranar. Zai ji garau tun kafin wata biyu, nan ne aikinki zai fi wuya, don nan mutane ke yar da magani. Rashin ganin ƙwaya a kakinsa ya rage tsoron ya harbi yara, amma duk da haka a kai su a duba, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, a tambayi ko za a ba su maganin kariya. A riƙa buɗe tagogin ɗaki. Bayan ya gama, kada ki firgita idan hoton ƙarshe ya nuna kusurwar dama ba ta dawo da tsininta ba, sau da yawa tabon tantani ne kawai. Injin niƙa a bushe kuwa kada ya koma masa.

Kafin ranar tafiya, idan kika ga yana haki ko a zaune, ba ya iya gama magana sai ya tsaya, leɓɓansa sun sauya launi, zazzaɓi mai zafi ya dawo da rawar ɗari, ko ya yi tarin jini, kada ki jira shawarar kowa. A kai shi asibitin da ya fi kusa a lokacin, a sanar da Inna a hanya.